Me ya sa ba ma ƙara wa injin tsomawa gudu

Ka tambaye ni, yarona, tunda oda ta yi yawa, me zai hana mu ƙara gudun injin da ke zaro bututun asibiti daga tankin ruwan shafe don mu fitar da dubbai a rana. Tambayar na da kyau, amma shafen nan da ke sa bututun santsi ba ya son gaggawa.

Tsoma cokali a zuma ka fizgo shi, za ka ga ya ɗebo da yawa. Zaro shi a hankali, sai ya fito da ɗan siriri. Haka ruwan PVP, sinadarin da muke yin shafen da shi, yake a jikin bututun da likita zai zura cikin jijiyar jini. Masana kimiyya Landau da Levich sun yi lissafinsa tun 1942: in ka ninka gudun zarowa, kaurin shafen zai ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. Shafe mai kauri kuwa, hasken UV da muke ƙafar da shafen da shi yakan gasa samansa ya bar ƙasan ɗanye. A hannu za ka ji santsi, har ka ce ya fi na jiya kyau. Sai ya sha ruwa ya kumbura a jikin majiyyaci, sannan ya fara saɓulewa. Ɓarɓashin da ya bi jini na iya toshe ƙaramar jijiya a huhu ko a ƙwaƙwalwa. Kan haka ne hukumar FDA ta Amurka, mai kula da magunguna da kayan asibiti, ta fitar da gargaɗi a 2015.

In yawa kake so, ƙara maratayai, a tsoma bututu da yawa a lokaci guda, gudun yana nan yadda yake.

Abin da ya fi damuna ma tankin ne. Alkohol ɗin da aka narkar da PVP a ciki yana bin iska, ruwan da ka auna da safe ya yi kauri kafin la'asar, alhali injin bai canza komai ba. A ɗakin gwaji ba a ganin wannan, don kofi ɗaya ake haɗawa a gama nan take. Saboda haka ka rufe tankin, ka riƙa auna danƙonsa kana rubutawa, ko da ba ni nan.

Kuma kada bututu ya shiga tanki sai an goge shi an bi shi da filazma, wato iskar gas da aka caja da lantarki, in ba haka ba shafen ba zai kama robar ba. Wanda ka taɓa da hannu ba safa, ware shi gefe.