Ƙwan LED da Ciwon Kai: Yadda Ake Gane Mai Ƙiftawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni tela ne a Agege. Tun da na sa ƙwayayen LED a shago, da an yi magariba sai idanuna su yi nauyi, kaina ya ɗauki ciwo. Ko hasken ne ya yi yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sawwaƙe. Na fi zargin ƙiftawar ƙwan, ba yawan haskensa ba.

Wutar da ake ba mu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. LED kuwa ba ya iya cin ta haka kai tsaye, sai wata 'yar na'ura da ke gindin ƙwan, wadda masu gyara ke kira direba, ta daidaita masa ita. A nan masu ƙera na araha suke tsuke hannu. In direban ba shi da inganci, hasken zai riƙa hawa da sauka sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya ganin wannan, amma ga wasu mutane yakan zo da gajiyar ido da ciwon kai. Kai kuma da allurar keke ke gudu a gabanka, abin ya fi damuna, domin irin wannan haske yakan sa abu mai motsi ya zama kamar yana tsalle-tsalle, ido ya yi ta faman bin sa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta sa wa ƙwayaye iyakar ƙiftawa tun Satumbar 2021.

In ka shiga kasuwar Alaba sayen wani ƙwan, kada ka biya sai an kunna maka. Buɗe kyamarar wayarka, ka zaɓi bidiyon nan mai tafiyar hawainiya, ka matsa kusa da ƙwan. In ka ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a fuskar wayar, mayar masa da kayansa. Ko ka kaɗa biro da sauri a ƙarƙashin hasken: in ya rarrabu kamar biro huɗu ko biyar, mai ƙiftawa ne. Rubutun kwali kaɗai ban yarda da shi ba.

Sai ka duba ƙarfin wutar da yake ɗauka. Wanda aka rubuta masa 85 zuwa 265V ya fi jure wutar Legas da ke yawan yin ƙasa, da ta ƙaramin janareta. Launin haske kuma, wanda aka rubuta masa 6500K fari ne fat, da dare yana ɗaukar ido. 4000K ya fi dacewa da shago. Ka rataye shi ta gefe, kada ya fuskanci idonka.

In ka canja ƙwan, aka yi mako biyu ciwon bai lafa ba, don Allah ka ga likitan ido, wataƙila tabarau kake bukata.