Wa Ke Da Gaskiya Tsakanin Ronaldo Da Ten Hag?

Tambaya: Malam, har yau muna musu a majalisarmu kan rabuwar Ronaldo da Manchester United a 2022. Shin kocin ne ya wulaƙanta shi, ko shi ne ya wuce gona da iri? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, a ganina Ronaldo ya fi laifi, ko da yake ƙorafinsa yana da tushe. Mutumin da ya ci ƙwallo 18 a gasar Firimiya a kakar 2021/22 ba zai ji daɗin zaman benci ba, amma koci Erik ten Hag yana son 'yan gaba masu matsa wa abokan hamayya lamba ba hutawa, aikin da ya yi wa ɗan shekara 37 nauyi. A watan Oktoba, a wasan da suka doke Tottenham da ci biyu da nema, Ronaldo ya ƙi shiga fili, ya nufi ɗakin sauya kaya tun ba a tashi ba, matasan ƙungiyar suna kallo. Da kocin ya kawar da kai, da babu mai sake jin maganarsa. Bayan Ronaldo ya shaida wa ɗan jaridar Birtaniya Piers Morgan cewa ba ya ganin girman kocin, an raba gari ranar 22 ga Nuwamba, ya koma Al-Nassr ta Saudiyya.