Zuwa Gembu da ƙaramin guziri

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kai ɗalibi ne a Kano, kana son ka hau tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ka yi kwana biyar a Gembu a hutun watan Agusta, kuɗin hannunka kuma ba su taka kara sun karya ba, kana tambayar ta inda za ka tsuke bakin aljihu. Sau uku na je, na farkon ma a watan Agustan ne, shi ya sa na kasa yin shiru.

In da hali, ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba ko Disamba. Damina a can doguwa ce, tun wajen Afrilu ake ruwa har Oktoba, Agusta kuwa tsakiyarta ne. Ƙasar ja ce mai santsi, da ka sauka daga kwalta sai taɓo. Zuwana na farko kwana biyu na yi a ɗaki ina kallon hazo ta taga, rana ta uku da na matsa sai na fita, ɗan acaɓa ya ninka mini kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba, don rabin hanyar tare muka tura babur ɗin. A Nuwamba ciyawa na nan kore shar, hanyoyi sun fara bushewa, ka ga kyan wurin ba tare da ka biya kuɗin taɓo ba.

Daga Kano ka bi ta Gombe da Numan ka kwana a Jalingo, da asuba ka kasance a tasha. Motar farko nake so ka samu. Hanyar ta bi ta Garba Chede, Bali, Serti, sannan Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan ake fara hawa. Yini guda za ka ware mata. Akwai hawan da ake kira Biyu da Sisi, wai sule biyu da sisi ake biyan masu dakon kaya su haura shi a zamanin Turawa. Kwana ce bayan kwana, ga rami a gefe, kunnuwanka su toshe su buɗe. Kar ka cika cikinka a Serti, na ga ƙato ya yi amai a leda a wurin nan. Kuma kar kwaɗayin ragin kuɗi ya sa ka shiga motar yamma wadda za ta hau dutsen cikin duhu da hazo. In kun haura za ku wuce Maisamari da Nguroje kafin Gembu.

Ka yi maganar ciwon da ake cewa yana kama masu hawa manyan duwatsu. Tsayin Mambila kimanin mita 1,600 ne daga teku, bai kai inda wannan ciwo ke kwantar da mutane ba. Iyakarta ka ji haki in kana hawan tudu a ranar farko. Sanyi shi ne abokin karawarka. Ni na tafi da 'yar shara da rigar sanyi guda mara kauri, ina taƙamar na saba da hunturun Kano. Alwalar asubar farko ta koya mini hankali, gari na wayewa na nufi wurin 'yan gwanjo na sayi kwat a farashin da Kofar Wambai za ta ba ni biyu. Sayi kwat mai kauri da safa da hular sanyi tun daga gida, ka haɗa da takalmi mai kama ƙasa. Ni dai sanyin Nguroje ya fi shiga ƙashina a kan na Gembu.

Kwana da abinci ba za su karya ka ba. Akwai ƙananan masaukai a Gembu. Kafin ka biya ka tambaya ko suna ba da bargo da ruwan zafi, don fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba abin da za su yi maka. In kana da ɗan'uwa ko aboki mai bautar ƙasa a can, sauka wurinsa, ka riƙo masa dabino ko kilishi. Abinci kuwa ci abin da ƙasar ke bayarwa: ayaba, fiya, dankalin Turawa, gwaza, tuwon masara, nono da kindirmo, nama. Fiyar da kake sayen ɗaya da tsada a Kano, can tuli ake kasawa. Abin da ke da tsada shi ne duk wanda sai da mota ta hauro da shi daga ƙasa, kamar lemon kwalba, ruwan roba, kayan gwangwani, da uwa uba man fetur.

To nan fa kuɗinka za su tafi, a wurin motsi. Abubuwan kallon ba a cikin gari suke ba, a warwatse suke, tsakaninsu tudu da kwari, kuma acaɓa ne kusan kullum mafita. Ni yanzu in zan je, rabin abin da ya rage bayan kuɗin motar zuwa da dawowa na acaɓa ne. Dabarar da na koya a zuwa na biyu ita ce in nemi ɗan acaɓa ɗaya ta hannun mai masaukina, mu yi cinikin yini sukutum tun da dare, har da zancen wa zai zuba mai. In ka yi ta ɗauka guntu-guntu, za ka sauka a wani ƙauye inda babur ɗaya ne tak, mai shi kuma ya san ba ka da zaɓi. Dabara ta biyu ranar kasuwa. Tambayi ranakun da kasuwannin ƙauyuka ke ci, don a ranar tsofaffin motocin Land Rover ke jigilar mutane da kaya, ka biya kuɗin kujera kamar kowa. Za a matse ka tsakanin buhu da kaji, amma hirar da za ka sha a ciki ta fi wurin da za ka je daɗi.

Da kwana biyar, ga yadda zan yi da ni ne kai. Yini ɗaya na gonar shayi ta Kakara, inda ake yin ganyen shayin da ake kira Highland. Ka nemi izini a ƙofa kafin ka shiga ko ka ɗauki hoto. Yini ɗaya na dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda ke da sauran tsohon kurmin tsauni, shi ma akwai masu kula da shi, ta wurinsu za ka bi. Sauran kwanakin taka da ƙafarka, ba ko sisi: ka gangara wajen kogin Donga, ka hau tudun bayan gari da hantsi ka ga shanu a baje kan ciyawa, ga layukan itacen turare. Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, cire shi daga lissafinka a wannan karon. Yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, tafiyar kwanaki ce da ja-gora da masu dako, ba aikin guzirin ɗalibi ba ne.

Riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji, ka raba su gida biyu. Akwai masu POS, amma ranar da sabis ya ɗauke sai da na bar agogona jingina wurin mai shayi har washegari. Katin shaidarka ya kasance a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro, yankin bakin iyakar Kamaru ne. Asali ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya, sunan ƙaramar hukumar, Sardauna, daga Sardaunan Sakkwato ya samo asali.

Hausa za ta kai ka ko'ina, amma Fulatanci ne harshen kasuwa a tsakanin Mambilawa da Fulani da Kaka da sauransu. Ko "jam na" da "useko" ka iya, za ka ga fuska ta saki, wani lokacin har farashi ya sauko. Abu ɗaya, kar ka tsoma baki a zancen filin noma da kiwo. An yi rikici mai muni a 2017, mutane da yawa na ɗauke da tabonsa, kai kuwa baƙo ne. Kafin ka taso ma kira wani mazaunin can ka ji lafiyar hanya a makon.

Kuɗin motar komawa kuma ka ƙulle su daban tun ranar da ka iso, ka ƙara da na kwana ɗaya a Jalingo. Zumar Mambila da ganyen shayi suna da jan hannu a ranar ƙarshe, ni sai da na mayar da galan ɗaya na zuma a tasha kafin kuɗin motata su cika.