Shayin rage ƙiba zai ƙafar mini da nono?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Watana biyu da haihuwa amma cikina ya ƙi komawa, har wata ta tambaye ni a gidan suna ko wani cikin ne. Maƙwabciyata ta kawo mini shayin rage ƙiba da ta saya ta Instagram, wai ganye ne zalla. Kwana uku ina sha ina ta zaryar banɗaki, kuma ina ganin kamar nonon ya ragu. Tsoro nake kada in cuci yaron nan. (Mai jego, Agege)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah Ya raya. Ki ajiye shayin nan tun yau. Ki sha ruwa sosai, ki riƙa ba yaron mama duk sanda ya nema. In yana jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a wuni da kwana, nonon yana isarsa, kuma da yawan tsotso zai dawo yadda yake.

Wannan magana ta "ganye ne zalla" ita ce ta ishe ni. Kusan kullum sai wata ta zaro mini irin kwalin nan daga jaka a ɗakin awo. Yawancinsu abin da ke ciki dangin filasko ne, ganyen da kakanninmu ke ba wanda bayan gida ya ɗaure wa, sai kuma abin sa fitsari. Ki yi zawo kwana uku, ki hau sikeli, ki ga kilo biyu sun tafi, ki yi murna. Ruwan jikinki ne ya tafi, kitsen yana nan daram, kuma kina ci kina sha nauyin zai dawo. To mace mai shayarwa, cikin zafin Legas da gumin nan, ina ita ina zubar da ruwa? Gishirin jiki ma yana bin zawon, musamman fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke rikita bugun zuciya.

Wannan ma in an yi sa'a ganyen ne kawai. Akwai maganin ƙiba da ake kira sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bayan nan an sha gano shi a ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu "na gargajiya". Mai tallar a cikin danfo ko a WhatsApp ba ta san abin da ke ciki ba, riba kawai ta sani. In kin faɗi ba za ki ga ƙeyarta ba. Su kuma hotunan "kafin" da "bayan", wa ya kasa shanye ciki na minti ɗaya a ɗauke shi hoto?

Abin da ke aiki ba shi da daɗin talla. Shayarwa kanta tana ƙona kusan kalori 500 a rana (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne), don haka ki ci gaba da ba shi nono zalla har wata 6. Rage rabin kilo a mako ya wadatar. Kada ki zauna da yunwa. Ki rage lemon kwalba, da shayi mai kauri da burodin Agege na dare, da haɗin Maltina da madara da 'yan barka ke ɗura wa masu jego. Ki ƙara wake, ƙwai, kifi, alayyahu da zogale. Kunun kanwa kuma a yi hankali: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka alaƙanta shi, tare da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar bayan haihuwa.

Ki fara tattaki na minti 20 zuwa 30 da sassafe. In tiyata aka yi miki, sai likita ya ba ki izini kafin motsa jiki mai ƙarfi. Tumbin kuma sau da yawa tsokar ciki ce ta buɗe a tsakiya, ɗaurin zani bai haɗe ta. Ranar da za ki kai shi allurar mako 10, ki ce a duba miki, a auna hawan jini. Ki taho da kwalin shayin mu gani.