Ko tafiya ƙauyen Nijar za ta zaunar wa ɗana da Faransanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni Basakkwata ce, ina aure a Mabera. Maigidana mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye can bayan Madawa. A can ya yi karatunsa da Faransanci kafin fataucin albasa ya kawo shi nan. Ɗanmu na fari yana da shekara 2 da wata 2, kuma burinmu ya tashi da Hausa da Faransanci, ko gobe zai yi karatu wajen dangin babansa. To amma maganarsa ba ta yi yawa ba, kuma cakuɗawa yake yi, sai ki ji ya ce "encore ruwa", wato a ƙara masa ruwa. Innata ta ce mu muka ɗaure masa harshe. Ni ban iya Faransancin ba sai gaisuwa, shi ya sa nake kunna masa katun a waya. Yanzu ina son in tafi da shi ƙauyensu baban nasa mu yi wata guda, ko harshen ya zauna masa. Dabara ce, ko wahalar banza zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da tafiyar, don a nan ne nake ganin za ki kai guga rijiyar da ba ta da irin ruwan da kike nema.

Shekarun baya biki ya taɓa kai ni wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza, na yi kwana tara. Da yake koyar da Faransanci ne aikina, kunnena a buɗe na tafi. Wuri biyu kacal na ji harshen. Na farko a bakin jandarman da ya tsayar da motarmu yana neman takardu, shi ma da ya ga tsofaffi a ciki sai ya juya zuwa Hausa. Na biyu da hantsi, ta tagar wani ajin laka, inda yara suke maimaita abin da malaminsu ya faɗa da murya ɗaya. Ana tashi daga makarantar, tun kafin su kai bakin rijiya, sun koma "kai, taho nan" da "mi ka ce?". Hausar ma irin tamu ce, wadda za ki ji a Gwadabawa ko kasuwar Illela.

Haka abin yake a yawancin ƙasar Hausa ta Nijar. Faransanci harshen aji ne da ofis da takarda, iya nisanki da kwalta iya ƙarancinsa. Hukumar ƙasar ma ta bi abin da ke bakin jama'a: a watan Maris na 2025 aka fitar da sabon kundin tafiyar da mulki wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Abin da yaronki zai kwaso a wata guda shi ne Faransancin da Hausa ta riga ta haɗiye: lakwal maimakon makaranta, mushe maimakon malam, lokotoro maimakon likita, montur maimakon agogo, belo maimakon keke. Ke kuma za ki koyi lissafin sefa, inda biyar take dala, ɗari take dala ashirin, dubu kuwa jikka. Ni kwana uku na yi mai ƙosai tana yi mini dariya kafin in daina ruɗewa.

Faransancin da kike shirin tsallaka iyaka ki nemo, a ɗakinki yake kwana. Baban yaron ne. Duk maganar a kansa take.

Dabarar da aka fi sani ta tsufa. Wani masanin harshe Bafaranshe, Jules Ronjat, matarsa Bajamushiya ce, sai suka raba aiki: shi Faransanci kaɗai yake yi wa ɗansu, ita Jamusanci kaɗai. A 1913 ya wallafa yadda yaron ya tashi da harsunan biyu lafiya lau. Sai dai raba aikin ba layar tsari ba ce. Annick De Houwer ta bi gidaje kusan 1,900 a ƙasar Beljiyam, ta fitar da sakamakon a 2007, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ake yi wa harshe biyu ba sa magana da harshen da babu shi a titi. Suna ji, amma ba sa mayarwa. Abin da yake raba gardama shi ne yawan jin harshen daga bakin mutum, da kuma ko yaron yana da wanda yake bukatar yi wa magana da shi. Ma'aunin da masana suka saba bayarwa shi ne kada harshen ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na lokacin da yaro yake farke. Ɗan shekara 2 yakan yi kamar awa 80 a farke cikin mako, kin ga ana neman wajen awa 16 ke nan, awa biyu da 'yan kai kullum.

Yanzu ki auna gidanki da gaskiya. Mutumin da yake fita bayan asuba, wani lokaci ya bi lodi zuwa kudu ya yi mako, awa nawa yake ba yaron? Kuma akwai wani abu da littattafan Turawa ba su san da shi ba, wato kunyar ɗan fari. Na sha ganin uban da Faransanci yake zuba a bakinsa kamar ruwa idan yana waya da abokansa na Yamai, amma ɗansa na fari ya zo ya dafa masa gwiwa, iyakar abin da zai ce shi ne "kai, tafi wajen uwarka", musamman in akwai manya a wurin. Ba ƙi ba ne, tarbiyya ce. To amma harshe ba ya bin jini. Idan maigidanki yana cikin masu wannan kara, ki same shi cikin dare ku yi magana ta fahimta: a gaban surukai ya ci gaba da kunyarsa, a cikin ɗaki kuwa ya saki baki.

Ba darasi ake nema ba, kada ya zaunar da yaro yana nuna masa haruffa. Ya ɗauki wasu hidimomi su zama nasa, kuma kullum da Faransanci za a yi su: shan kunun safe, sa takalmi, zuwa sayen burodi a bakin titi, zaman tabarma bayan magariba. Misali yaron ya miƙo kofi ya ce "ruwa". Kada baban ya riƙe kofin ya ce sai ka faɗa da Faransanci, wannan shi yake sa yaro ya tsani harshe. Ya zuba masa yana cewa "tu veux de l'eau? tiens, bois" (kana son ruwa? ungo, sha), ya jira ya shanye, ya tambaye shi "encore?". Gobe haka, jibi haka. Yau da gobe ita ce malamar. Ran da ya yi tafiya kuma, ya kira ta bidiyo ko na minti goma ne, ya tambayi yaron ina akuya, ina takalminsa, ya jira amsa.

Wannan jiran amsar shi ne ya bambanta kiran bidiyo da katun. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Amurka sun kawo jarirai 'yan wata 9, aka yi musu zama 12 da masu magana da Sinanci. Waɗanda aka yi wa wasa ido da ido sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa mutanen nan dai a talabijin ba su fi wanda bai taɓa ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce kada kallon allo ya wuce awa ɗaya a yini ga 'yan shekara 2 zuwa 4, in ya gaza haka ya fi. Ba na ce ki jefar da wayar ba. In za a kalla, baban ya zauna kusa yana nunawa yana tambaya.

Sai maganar Inna. Ki bi ta a hankali, don tsoron da take ji na ƙauna ne, amma harshe biyu ba ya ɗaure bakin yaro. Ita kanta ta san 'ya'yan Fulani da Zabarmawa da suke tashi a Sakkwato da harshen gida da na waje, ba wanda ya zama bebe. Abin da yake ruɗa mutane shi ne ƙirga kalmomin harshe ɗaya kawai. Ki manna takarda a bango, mako guda ke da babansa kuna rubuta duk kalmar da ya furta, ta Hausa da ta Faransanci, har da irin "mam" da "tata" in dai kullum abu ɗaya yake nufi da su. Abin da ake sa rai ga ɗan shekara 2 shi ne kalmomi wajen 50 in an haɗa duka, da fara jera kalma biyu. "Encore ruwa" ɗin da ya tayar miki da hankali, ni daɗi ya yi mini: kalma biyu ce ya haɗa, ma'ana ta fita, ya ɗauko kowace daga inda ta fi kusa da hannunsa. Mu manya ma haka muke yi da Turanci a ofis, ba wanda ya ce mun ruɗe.

Inda za ki tashi tsaye shi ne in kin ga ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ba ya gane ƙaramin aike kamar "kawo takalminka" a kowane harshe, ko kalmomin da ya iya suna ɓacewa, ko kunnensa yana yawan zubar da ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau. Wannan kam ba a jira, ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a auna jinsa. Kuma ko an sami matsala, yanke masa harshe ɗaya ba shi ne maganin ba.

Ke kuma ki riƙe Hausarki, ki cika masa kunne da ita, tatsuniya, wasan langa-langa a ƙafa, hira kina tsintar shinkafa. Kada ki matsa wa kanki da guntun Faransancin gaisuwa. Amma ki bari ya riƙa ganin kina tambayar babansa "mene ne sunan wannan?" kina gwadawa kuna dariya. Yaro yana lura da abin da uwarsa take girmamawa. Ki kuma shirya wa shekara 3 zuwa 4, lokacin da nazare za ta zo da Turanci, Islamiyya ta zo da Larabci, ya gano cewa Baba ma ai yana jin Hausa. Zai fara mayar masa da amsa da Hausa. A nan yawancin iyaye maza suke sarewa. Kada ya fasa, ya ci gaba da nasa, ko da amsar da Hausa take dawowa.

To, a fasa tafiyar ke nan? A'a. Ki je don kakarsa ta goya shi, ya ga rumbu da jaki da inda babansa ya yi kiwo. Sai dai in kina son a tsinci Faransanci a hanya, ki raba kwanakin: kaɗan a ƙauye, mafi yawa a Ƙonni ko Tawa ko cikin garin Madawa, gidan wani ɗan'uwa ma'aikaci ko malamin makaranta mai yara 'yan lakwal. Ki roƙi yaran su riƙa yi masa wasa da Faransanci. Ɗan shekara 8 da ya ga an ba shi matsayin mushe, ba ya gajiya.

Lokaci kuma ki zaɓi sanyi, hutun ƙarshen Disamba ya fi, yaran makaranta suna gida, hanya a bushe. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Damina kuwa ga sauro ga koramu masu yanke hanyar ƙauye. Ki duba katin rigakafinsa, musamman ta shawara da ake yi a wata 9, don akan nemi shaidarta a iyaka. Gidan sauro, gishirin zawo da zinc, da ruwan da kika yarda da shi, duk su shiga jaka kafin kayan kwalliya. Ki tambayi dangi tun kina gida ina ne ɗakin shan magani mafi kusa da ƙauyen, kuma da me ake zuwa can cikin dare.

Batun tsaro ba na wasa ba ne, a ɓangarenmu da nasu duka. Ki bi babbar hanya, Kware, Gwadabawa, Illela, ku ƙetara ta ƙofar hukuma da rana tsaka, ban da hanyar ɓarauniya ko da direba ya rantse ta fi sauri. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, tun 29 ga Janairun 2025, saboda haka kada ki dogara da labarin wadda ta je shekara uku da suka wuce. Ki leƙa ofishin shige da fice ki ji takardun da ake nema yanzu, naki da na yaron, ki kuma riƙe takardar haihuwarsa. Mafi kyau ku tafi tare da maigida. In ba zai samu ba, ya rubuta miki takardar amincewa, wani ɗan'uwansa ya tarye ku a Ƙonni. Ranar tashi ma a sake kiran mutanen ƙauyen, in suka ce a dakata, a dakata.

Kafin ku juyo, ki sa a kai ki inda ake sayar da kayan makaranta, ki sayi littattafan 'yan ajin farko masu manyan hotuna, ko da kwance ne, guda huɗu ko biyar. Ki ajiye su a gefen gadon babansa, ba cikin durowa ba, inda yaron zai iya jawo ɗaya da kansa ya kai masa.