Yadda muke biyan kuɗi da waya a Landan: amsa ga ɗan'uwa mai tambaya daga gida

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tambayarka ta iso mu: wai da gaske ne mu da muke zaune a Landan muna fita ba ko sisi a aljihu, mu kara waya a jikin na'ura mu yi sayayya, mu hau bas da jirgi? Kuma in haka ne, me zai hana wani ya raɓo aljihun mutum ya kwashe masa kuɗi? Da gaske ne, kuma ba gayu ba ne. Tun watan Yulin 2014 bas-bas ɗin birnin nan suka daina karɓar tsabar kuɗi, ko ka miƙa wa direba ba zai amsa ba.

Fara cire taransifa daga ranka. Babu lambar asusu da ake bugawa, babu tsayuwar jiran alat. Wayar ce da kanta take zama katin banki, kati mai lambarsa daban da ta wanda ke cikin walat ɗinka. Ka riƙe wannan, domin kusan duk ɗabi'un da za ka ga mutanenmu suna yi a nan, da kusan duk asarar da baƙi suke tafkawa, daga nan suka samo asali.

A bayan wayar, ƙarƙashin murfi, akwai wani siririn zagaye na tagulla da ake kira NFC. Shi ke magana da na'urar POS ta iska, amma muryarsa ba ta wuce santimita 4, kamar faɗin yatsu biyu. Ba kowace waya ke da shi ba. iPhone tun daga ta 6 tana da shi, amma wayoyin Android masu araha da yawa babu, sai ka shiga saiti ka nemi kalmar NFC. In ba ka gan ta ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro maka ita. Manhajojin da aka fi amfani da su uku ne: Apple Pay da ta shigo Birtaniya a Yulin 2015, Google Wallet wadda ta fara a nan a 2016 da sunan Android Pay, sai Samsung Wallet.

Saka katin bai kai minti biyar ba. Dole wayar ta kasance da makulli, ko lambar sirri ko zanen yatsa ko fuska, in babu manhajar ba za ta yarda ba. Ka buɗe ta, ka ɗauki hoton katin ko ka rubuta lambobinsa, da ranar ƙarewarsa da lambobi uku na bayansa. Daga nan banki zai tabbatar kai ne, ta saƙon tes mai lamba, ko ta manhajarsa, wani lokaci sai ka kira su. Da an gama, sai a ba wayar wata lamba tata ita kaɗai. Ita mai kanti yake gani, tare da wani hatimi da ake sabuntawa a kowace sayayya, don haka ko an saci bayanan kantin, abin da aka samu ba ya sayen komai a wani wuri. Inda aka fi cijewa wurare biyu ne: bankin bai shiga tsarin ba, ko kuma an taɓa fasa ƙwaƙwalwar wayar Android an sauya mata tsari, wanda Google ke ganewa ya ƙi ta. Masu sayen waya ta hannu su kula da wannan.

A kanti, ka bari kashiya ta buga kuɗin, ka karanta adadin a fuskar na'urar da idonka. In iPhone ce mai gane fuska, ka danna maɓallin gefe sau biyu a jere, ka kalle ta, sannan ka kara goshinta, domin a saman wayar zagayen yake. In Android ce, ka buɗe makulli kawai, ba sai ka shiga manhaja ba, ka kara bayanta. Wasu a tsakiya zagayen yake, wasu kusa da kyamara, sai ka gwada ka san naka. Ka riƙe ta cak na daƙiƙa ɗaya ko biyu har ta yi ɗan kuka ta girgiza. Masu shafa ta a guje kamar suna korar ƙuda su ne na'ura ke ce musu su sake. Rigar waya mai kauri ko mai ƙarfe ma tana toshe maganar. Ba a bukatar data a lokacin biya, na'urar kanti ce ke tuntuɓar banki. Sai dai Google Wallet tana da iyakar sayayyar da za ta yi ba intanet kafin ta nemi a haɗa ta ta sabunta.

Ga wani bambanci da mutane ba su cika sani ba. Katin roba in an kara shi yana da iyaka, domin ba ya tambayar wanda ke riƙe da shi: fam 30 ne a 2015, ya koma fam 45 a Afrilun 2020, sannan fam 100 a Oktoban 2021. Waya kuwa ta riga ta tantance ka da fuska ko yatsa, saboda haka wannan iyakar ba ta hau kanta ba, sai wadda bankinka ko kantin ya sa. Doka ta hana a ƙara maka caji don ka biya da kati tun Janairun 2018, amma ƙananan shaguna suna da damar cewa sai sayayya ta kai wani adadi. Har masallatai da dama sun ajiye irin wannan na'ura a bakin ƙofa, mutum ya zaɓi adadi ya kara waya ya ba da sadakarsa.

In za ka mayar da kaya, ka je da wayar da ka biya da ita. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin rasit na wayar ne, ba na katin roba ba, kuma nan ake yawan samun musu da kashiya. Ka buɗe bayanan katin a manhaja ka nuna mata, magana ta ƙare.

To, sufuri, inda aikin yake. Hukumar sufurin Landan, TfL, ta fara karɓar kati mai karawa a bas a Disambar 2012, a jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma a Satumbar 2014. Abin karawar wani faifai ne rawaya mai faɗin tafin hannu. In fitilarsa ruwan lemo ce, a shirye yake. Kore da kuka ɗaya, wuce. Ja da kuka fiye da ɗaya, an ƙi. A bas da taram, wato jirgin da ke bin dogo a kan titi, sau ɗaya ake karawa, lokacin shiga, domin kuɗin ɗaya ne ko ina za ka sauka. A Maris na 2023 aka mai da shi fam 1.75, kuma duk bas ɗin da ka sake hawa cikin awa ɗaya daga karawar farko kyauta ne. Jirgi kuwa da shiyya-shiyya ake lissafinsa, sai ka kara a shiga, ka kara a fita, sannan a san nisan da ka yi.

Ba nan take ake cire kuɗin ba. Ana tara tafiye-tafiyenka na yini, wanda a lissafinsu yake farawa ƙarfe 4:30 na asuba, a cire a dunƙule daga baya. Akwai kuma rufin da ba a wucewa: in hawanka na yini ya kai wani adadi, sauran kyauta ne, haka ma na mako, daga Litinin zuwa Lahadi. Wanda ya iso ranar Juma'a ya sani cewa lissafin makonsa zai yanke ranar Lahadi, ba bayan kwana bakwai ba.

Yanzu ka tuna abin da muka ce ka riƙe. A wurin wannan faifan, wayarka mutum ɗaya ce, agogon hannunka wani mutum ne, katin roba na uku, ko da asusu ɗaya suke sha. Mutum ya shiga tasha da waya, a hanya ya sa ta a jaka, da ya zo fita ya ga agogo ya fi kusa ya kara shi. Ƙofa za ta buɗe lafiya lau, ba abin da zai nuna masa an yi kuskure. Amma a littafin hukuma fasinjoji biyu ne: ɗaya ya shiga bai fita ba, ɗaya ya fita bai shiga ba, kuma kowannensu za a caje shi kuɗi mafi tsada. Rufin yini ma ya rushe, tunda an raba lissafin gida biyu. Shi ya sa za ka ji ana gaya wa baƙo tun a filin jirgi: abin da ka fara da shi da safe, da shi za ka ƙare da dare. Ƙanin wannan kuskuren shi ne cusa katin banki ko katin Oyster, wato katin sufuri na TfL da ake zuba wa kuɗi, a cikin rigar waya. Faifan zai ji murya biyu, ko ya ƙi duka, ko ya ɗauki wanda ba shi ka nufa ba.

Wani tarkon shi ne tashoshin da ba su da ƙofa, kamar yawancin na layin DLR, ƙaramin jirgin gabashin Landan. Faifan yana tsaye shi kaɗai a gefen matakala, ba mai tare ka, sai ka wuce ka manta. Akwai kuma faifai mai ruwan hoda a wasu tashoshin canjin jirgi. Shi ba na shiga ko fita ba ne, shaida ce cewa ka kauce wa tsakiyar gari, don a yi maka lissafi mai sauƙi. In an caje ka fiye da ƙima, ka jira awa 48 ko za su gyara da kansu, in ba su gyara ba kana da mako takwas ka nemi a mayar maka. Wannan ya fi sauƙi ga wanda ya buɗe asusu a shafin TfL ya yi rajistar katinsa, domin yana ganin tafiyarsa ta wata 12 baya. Haka nan in banki ya ƙi biya saboda asusu ya bushe, za a toshe katin a ƙofa har sai an biya bashin.

Da safe, wajen ƙarfe takwas, layin da ke bayanka a bakin ƙofa ba ya da haƙuri. Mai tsayawa yana gyara hula ko tabarau don waya ta gane fuskarsa zai ji ana tsaki a ƙeyarsa. Maganinsa Express Mode a iPhone, wanda ya fara aiki a nan a ƙarshen 2019: ka zaɓi kati ɗaya na sufuri, ka kara wayar a kulle, ƙofa ta buɗe. A Android akwai saiti makamancinsa, sai dai allon ya kasance a kunne.

Caji kuwa shi ne tikitinka. In batir ya mutu a cikin jirgi, ba ka da abin karawa a fita, kuma in jami'an duba tikiti suka zo da na'urarsu ta hannu ba ka da abin nunawa. Tarar fam 100 ce tun Maris na 2024, tana komawa fam 50 in an biya cikin kwana 21. iPhone daga XS da XR zuwa sama tana ɓoye ɗan ragowar caji da ke riƙe katin sufuri har kusan awa biyar, amma in kai ka kashe ta da hannunka wannan ba ya aiki. A ganinmu ba abin dogaro ba ne. Yawancinmu ƙaramin abin caji muke sawa a jaka, da katin roba a wani aljihu daban.

Maganar iyali: waya ɗaya mutum ɗaya take shigarwa. Ba za ka kara ka wuce, ka miƙo wa uwargida ta kara ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya a bas, a jirgi kuma babba mai biya yana iya shiga da har guda huɗu ta ƙofa mai faɗi. Mai rangwamen ɗalibai ko na katin jirgin ƙasa, a Oyster ake ɗora masa, ba a waya ba.

Sai tsoron da ka ambata. Waya a kulle ba ta biyan kanti, kuma na'urar karɓar kuɗi tana da rajista da sunan mai ita, duk abin da ta karɓa akwai sawunsa. A 2021 masu bincike na jami'o'in Birmingham da Surrey sun nuna za a iya yaudarar Express Mode mai katin Visa, Visa kuma ta ce abu ne mai wuyar aikatawa a zahiri. Ɓarayin gaske hanyarsu ta fi wannan sauƙi. Na farko ya leƙi lambar sirrinka kana bugawa, sannan ya fizge wayar, sau da yawa a kan keke, a bakin titi. Na biyu ya kira ka da sunan banki ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu. Wannan lambar ita ce ta saka katinka a cikin wayarsa shi, kuma da ka faɗa, sai ya shiga kanti da fuskarsa ya kashe kuɗinka. Banki ba ya tambayar ta, ko wa ya kira. In waya ta ɓace, ka shiga asusunka na Apple ko Google daga wata na'ura ka kulle ta, ka kira banki su kashe lambar katin da ke cikin wayar. Katin roba yana iya ci gaba da aiki, tunda lambarsa daban.

In kana shirin zuwa, ka tambayi bankinka abu biyu kafin ka taso: ko katinka yana aiki a ƙasar waje, da ko yana shiga manhajar wayarka. Faifan TfL yana karɓar Visa da Mastercard da American Express, amma ba duk katin waje ne ke wucewa ba, wanda ya wuce ma bankinsa na iya ɗora kuɗin canji a kan kowane cira. In bai yi ba, ka sayi Oyster a injin tasha, ka zuba masa tsabar kuɗi, ka ajiye shi nesa da bayan wayarka.