Zomon Amurka da Gizonmu, wa ya kwaikwayi wani?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ɗana ne ya zo da wani littafin turanci daga makaranta, wai labarin zomo da ya manne jikin 'yar tsanar kwalta, ina ji na ce kai ai wannan Gizo ne da 'yar danƙo da kakarmu take mana. Wai wa ya rubuta ne, sato mana ya yi? Maman yara, Yakasai, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Sunan mutumin Joel Chandler Harris, farar fata ne ɗan jihar Jojiya a kudancin Amurka, ya mutu 1908. Bai taɓa cewa shi ya ƙirƙira ba gaskiya. A 1862 yana yaro ya je koyon aikin ɗab'i a wani gandu mai suna Turnwold, to shi mutum ne mai kunya ga in'ina, sai ya zama in ya tashi aiki ɗakunan bayi yake zuwa ya zauna yana jin tatsuniya a bakin tsofaffi, su kuma kakanninsu daga Afirka aka kwaso su, kin ga hanyar da labarin ya bi kenan. Mutanen Ghana ma suna da irinsa da gizonsu Anansi, don haka ba namu ne mu kaɗai ba.

Da ya zama ɗan jarida a Atlanta Constitution sai ya fara bugawa, a 1880 aka haɗa littafi, Uncle Remus, wani tsoho baƙar fata yana ba ɗan masu gida labari. Kuma da irin turancin bayin ya rubuta ba na makaranta ba, a nan na yaba masa.

Inda nake da ja shi ne yadda ya fito da tsohon nan kullum yana fara'a kamar zaman gandu daɗi ne, alhali ki duba labarin kansa, zomo ba shi da ƙarfi sai wayo, har ya roƙi dila wai a yi masa komai amma kar a jefa shi cikin ƙaya, nan kuwa gidansu ne. Wanda ake wa bulala ne yake irin wannan tatsuniya. Shahara da kuɗin littafin kuma duk Harris ya kwashe.

In asalin bugun ne a hannun yaron zai sha wuya, turancin ko malaminsu sai ya yi da gaske, a nema masa wanda aka sauƙaƙa.